Kaza, Zabuwa Da Agwagwa: Tarihin Ƙwai A Gidan Bahaushe

Ran da na gaya wa wani abokina a ɗakin kwananmu cewa tarihin kaji zan rubuta wa mujallar ƙungiya ta bana, sai ya bushe da dariya, ya ce wai ko sarakunan Haɓe da na Fulani sun ƙare ne. Ban ga laifinsa ba. Tun muna firamare abin da aka saba mana da shi a matsayin tarihi shi ne yaƙi da sarauta da zuwan Turawa, kaza kuwa ba a tunawa da ita sai ran salla ko in baƙo ya sauka. Amma in mutum ya tsaya ya duba, zai tarar gidajen da suka taɓa ɗaure doki a ƙasar Hausa 'yan kaɗan ne, gidan da bai taɓa kafa akurki ba kuwa sai an tona. Abin da nake so in nuna wa mai karatu a wannan ɗan rubutu shi ne, kiwon kaji tsohon abu ne ƙwarai a wurinmu, amma kiwonsu domin a ci ƙwansu baƙon abu ne, kuma da ya zo bai bar dukiyar a hannun waɗanda ya tarar da ita ba.

Mu fara da asali. Tsuntsayen nan uku da ke yawo a tsakar gida, wato kaza da zabuwa da agwagwa, kowacce daga nahiya dabam ta fito. Zabuwa ce kaɗai 'yar ƙasa. A nan Afirka ta Yamma aka kamo ta daga daji aka mai da ita ta gida, har yau kuma danginta na nan a dawa, shi ya sa ba ta gama sakin jiki da mutane ba. Mutanen Fotugal ne suka ɗauke ta a jiragen ruwa zuwa Turai a ƙarni na 15, sunan da Ingilishi ke kiranta da shi ma daga sunan gaɓar tekun Gini ya samo tushe.

Ita kuwa kaza baƙuwa ce daga gabas mai nisa. Kakarta wata kazar daji ce ja da ke zaune a kurmin kudu maso gabashin Asiya. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa mafi tsufan ƙasusuwan da aka tabbatar na kazar gida ne, an tono su a wani wuri da ake kira Ban Non Wat a ƙasar Tailan, kuma sun kasance tsakanin shekara ta 1650 da ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da noman shinkafa ya kafu a yankin. Wato hatsi ne ya jawo ta daga daji zuwa bakin rumbu, kamar yadda yake riƙe da ita a can har yanzu. A Afirka an sami ƙasusuwanta a Mezber ta ƙasar Habasha, na wajen shekara 800 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa. A yammacin Afirka kuma an same su a kufan tsohon birnin Jenne ta ƙasar Mali, na tsakanin shekara ta 500 da ta 800 Miladiyya, da kuma Kirikongo ta Burkina Faso, na wajen ƙarni na 6. Aikin masu tonon kufai a nan yana da wuya, domin ƙashin kaza da na zabuwa da na fakara sun yi kama ainun, sai gwani ke rarrabe su.

Mu ɗaliban harshe muna da tamu hanyar bin sawu. Marigayiya Kay Williamson ta Jami'ar Fatakwal ta bi sunayen kaza a harsunan Afirka domin ta gano hanyoyin da tsuntsuwar ta bi ta yaɗu. In muka gwada wannan dabara a kan Hausa, za mu ga kalmar "kaza" ba ta yi kama da "dajaja" ta Larabci ba ko kaɗan, amma ta yi kusa da "tekazit" da Buzayen Mali ke faɗi. Wannan na nuna cewa tun kafin Larabci ya yi tasiri a bakinmu muka san ta. "Zakara" kuwa, masana da dama na ganin daga kalmar Larabci mai ma'anar namiji aka aro shi, ga shi kuma shi ne agogon asuba na masu salla.

Shaidar rubutu ta zo daga baya. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa daular Mali a 1352 zuwa 1353 har ya biyo ta Takedda, ya ba da labarin yadda matafiyi ba ya bukatar guzuri a ƙasar, domin duk ƙauyen da ya sauka mata ne za su fito masa da gero da nono da kaji da garin magarya, ya saya da gutsuren gishiri ko duwatsun ado. A lura da abu biyu: mata ne masu sayarwa, kuma kaji ya ambata. A littafin tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, an ce a zamanin Barbushe mutane kan taru a gindin Dala da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru don yanka wa Tsumburbura. Sai dai a yi hattara, domin a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara littafin a rubuce, saboda haka ba hujja ce yankakkiya a kan abin da ya faru shekaru ɗaruruwa kafin nan ba. Duk da haka ya dace da abin da Tremearne ya tarar wurin 'yan bori a littafinsa na 1914, da abin da Greenberg ya gani wurin Maguzawan ƙasar Kano a nasa na 1946, cewa kowane iska da launin dabba ko kazar da ake yanka masa. A nan ne ake gane dalilin da ya sa Bahaushe ya tara sunaye a kan kama da sifar kaza, irin su fingi mai murɗaɗɗen gashi da durgu mai gajerun ƙafafu da wake-wake, alhali kuwa ba shi da wani suna na musamman ga kazar da ta fi 'yan'uwanta yawan ƙwai. Abin da mutane suka damu da shi, shi suke raɗa wa suna.

Agwagwa ce autarsu. Irin wadda muke kiwo, mai jan tsiro a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Ke nan ba yadda za a yi ta taka ƙasar Afirka kafin 1492. Jiragen Turawan da ke zirga-zirga tsakanin Amurka da gaɓar Gini ne suka kawo ta, tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono, daga bakin teku kuma ta hauro arewa sannu a hankali. Talotalo ma ɗan Amurka ne, sunansa kuma bai ɓoye hanyarsa ba, don kuwa "tolotolo" Yarbawa ke ce masa. Kafin zuwan agwagwa Bahaushe ya san dinya da kirinjijiya a fadama da tabki, amma na farauta ne, ba na akurki ba.

To, me ya sa na ce ba don ƙwai ake kiwon ba? Lissafi ne mai sauƙi, kowace tsohuwa a ƙauye ta san shi ko da ba ta iya rubuta shi. Kazar Hausa takan saka ƙwai 10 zuwa 15, sai ta daina ta hau kwanci. Kwana 21 take yi a kai kafin ta ƙyanƙyashe. Daga nan sai ta shiga yawo da 'yan tsaki wajen wata biyu ko fiye, tana tona musu, tana kare su, sa'an nan ta yaye su ta koma saka. A shekara ba ta wuce zagaye uku ko huɗu, wato ƙwai 40 zuwa 60 ke nan gaba ɗaya. A cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe kuma, ga shirwa da shaho daga sama, ga muzuru da tunku da maciji daga ƙasa, ga ruwan damina, ga annobar hunturu. Sau da yawa ko rabinsu ba sa kaiwa sagara. A irin wannan hali ƙwai iri ne, kamar damin geron da manomi ke ratayewa don shuka. Wanda ya soya ƙwai uku da safe, a idon mai kazar ya cinye kaji uku ne tun ba su yi gashi ba.

Wata ce mai kazar? Mace ce. Rumbu na maigida ne, haka gona da doki da jaki, amma dusar da ke fita daga surfe da tsakin da ke saura a tankaɗe a hannun matar gida suke, su ne kuma abincin kaji. Saboda haka kaza ta zama asusun mace. In bikin ƙawa ya taso, ko yaro ya kwanta ciwo, ko zubin adashi ya zo babu kuɗi, sai a kama guda a ba yaro ya kai kasuwa, ba sai an nemi izinin kowa ba. Kaka kan ba jikanta sagara ta ce tasa ce, in ta yi albarka a sayar da 'ya'yanta a sayi akuya, akuya ta haihu a haɗa a sayi tunkiya ko maraƙi. Wadda ba ta da fili kuma takan ba 'yar'uwarta ta ƙauye kiwo, a raba abin da aka samu. Ni kaina kuɗin takalmin da na fara shiga sakandare da shi daga zuriyar wata kaza wake-wake ya fito, wadda kakata ta ba ni ina aji uku na firamare.

Daga nan ne nake ganin camfin nan ya samo asali, wanda ke cewa in aka saba wa yaro da cin ƙwai zai tashi ɓarawo, da ɗan'uwansa mai hana mai ciki ci. A ganina shinge ne aka kewaye gurbin kaza da shi. Yaro shi ne ke shiga lungu da bayan rumbu, shi ya san inda kowace kaza ke saka, in ya ɗanɗana ya ji daɗi, to, ba sauran kwanci a gidan. Maimakon a zauna ana yi masa dogon bayani, sai aka tsorata uwarsa da abin da ta fi tsoro, wato ta haifi ɓarawo. Dabarar ta yi aiki, amma an biya ta da tsada, domin yara ƙanana da masu ciki su ne suka fi kowa bukatar abin da ke cikin ƙwai na gina jiki, su ne kuma aka hana. Wani zai ce ai Bahaushe ne ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gaskiya ne, amma karin maganar ba ya yin ma'ana sai in an ɗauka cewa ƙwai ƙaramin abu ne kaza babba, kuma akurki wuri ne da abu ke salwanta. Ba kirarin ƙwai ba ne, ƙorafi ne a kan muzuru.

Karin maganarmu cike take da kaza. Mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, albarkacinta ƙadangare ke shan ruwan kasko, rashin sani ya sa ta kwana a kan dami, sabo da ita kuma ba ya hana a yanka ta. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Duk waɗannan hoton kazar sake ne, mai neman abincinta da kanta cikin haɗari. Ko "baragurbi", da muke kiran lalataccen mutum da shi, ƙwan da kaza ta tashi ta bari bai ƙyanƙyashe ba ne, wato laifinsa shi ne bai zama ɗan tsako ba. Agwagwa kuwa da ƙyar za ka tsinto ta a cikin tsofaffin karin magana, wannan ma wata alama ce ta cewa ba ta daɗe da zuwa ba.

Ba wai ba a cin ƙwai sam ba ne a da. Ana ci, amma na zabi. Zabuwa da damina take saka, daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, kuma in ana kwashewa takan yi ta sakawa fiye da kaza nesa ba kusa ba. Ga ta da sakaci wajen reno: a cikin ciyawa ko gindin kalgo take gurbi, sau da yawa su taru su da yawa a gurbi ɗaya, in ta ƙyanƙyashe kuma ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Don haka masu kiwo suka gano dabarar ɗebe ƙwanta a sa wa kaza, ita ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28 ta rene su kamar nata, yara kuma su riƙa saro musu gara daga suri. Sauran ƙwan da ya yi rara shi ke zuwa kasuwa. Ɓawonsa ya fi na kaza kauri, yana jure tafiya da ajiya, shi ya sa ya zama kayan fatauci da na talla. Har yanzu da damina ta kankama za ka ga 'yan mata da faranti a tasha, dafaffen ƙwan zabi da ɗan ƙullin yaji, daga Katsina har Maraɗi da Damagaram. Muna yara mukan gwara na juna, wanda nasa ya fashe ya ba da shi. Abin lura a nan, garken zabi yawanci na maza ne da Fulani, domin kiwonsa na bukatar fili da bin daji. Ashe tun a wancan zamani ƙwan kuɗi na maza ne, na ƙyanƙyasa na mata.

Agwagwa ba ta sami irin wannan karɓuwa ba, ko da yake ta cancanta. Tana da juriya, annobar da ke share kaji ba ta cika kayar da ita ba, ƙwanta ya fi na kaza girma da maiƙo, ga ta uwa ta gari mai zama kwana 35 a kan gurbi ba gajiya, har wasu kan sa mata ƙwan kaza ko na zabi. Kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa a tsofaffin birane irin su Kano da Zariya sun zame mata gida. Amma wannan zama nata cikin kwata da taɓo shi ya jawo mata baƙin jini. Mutane da yawa na ƙyamar namanta da ƙwanta, matan gida na kukan tana ɓata tsakar gida, ga camfe-camfe da suka biyo ta, har direbobi na kaffa-kaffa da taka ta a hanya. Sai ta tsaya a matsayin kiwon mutanen bakin gulbi da na bayan gari.

Canji ya fara ne da zuwan Turawa. Bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai ga wasu mutane masu iko waɗanda ba sa karya kumallo sai da ƙwai. In Joji ko Di'o ya fita rangadi, cikin gaisuwar da dagaci zai kai barikin da ya sauka har da kaji da ƙwarya cike da ƙwai, kuma kowa ya san ba daga gidan dagacin kaɗai ake tattaro su ba. Kukun Bature kan zuba su cikin ruwa, wanda ya nutse a ɗauka, wanda ya taso a zubar. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, sai ga ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu waɗanda su ma masu saye ne, ƙwan zabi kuma ya sami hanyar gangarawa kudu. A karo na farko ƙwai ya zama abin da ke da kasuwa kullum.

Gwamnatin Turawa ta fi damuwa da shanu, saboda jangali da fatu. Don su aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, da gonar kiwo ta Shika kusa da Zariya a 1928. Amma kaji ma sun sami ɗan rabo. Dabarar da ma'aikatan gona suka fi yayi, tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai, ita ce musanyar zakaru: a kawo manyan zakarun ƙasashen waje, irin jajayen nan da ake kira Rhode Island Red, a karɓe na gida, don 'ya'yan da za a samu su fi girma da yawan ƙwai. A takarda abin ya yi kyau. A tsakar gida kuwa baƙon zakara bai iya tono ba, bai san inuwar shaho ba, zafi da cuta na saurin kayar da shi, zakaran maƙwabta da ba a kama ba kuma ya tsallako katanga ya ci gaba da aikinsa. Inda aka dace aka sami ruwa-biyu, sai a tarar 'ya'yan ba sa son kwanci, kazar da ba ta kwanci kuwa ba ta da amfani ga mai neman 'yan tsaki. Akwai kuma wani kuskure da nake ganin ya fi waɗannan: malamin gona namiji ne, a zaure yake tsayawa ya yi magana da maigida, masu kajin kuwa na can cikin gida ba wanda ya tambaye su abin da suke so.

Babban abokin gaban kazar gida shi ne annobar nan da ke zuwa da hunturu, kaji su yi ta gyangyaɗi da zawo, wuyansu ya murɗe, cikin mako guda unguwa ta yi tsit ba cara. Likitocin dabbobi na kiranta da sunan garin Newcastle na Ingila, inda aka bayyana ta a 1926, a Nijeriya kuma an fara tabbatar da ita a Ibadan a 1952. Vom na yin allurar rigakafinta, har da wata iri mai jure zafi da ake ɗiga wa kaza a ido, wadda aka yi domin ƙauyukan da ba firiji. Matsalar kullum ita ce isar da ita. Abin da mata suka dogara da shi shi ne jiƙon barkono da ɓawon maɗaci a kaskon ruwa, in abin ya ƙi kuma a yi ta yanka kafin su mutu. Shi ya sa a ƙauye aka fi cin kaza a watan da aka fi asararta.

Kiwon ƙwai irin na zamani bai kankama a Arewa ba sai da kuɗin man fetur ya shigo. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira ga ma'aikata da makarantu da barikokin soja su yi lambu su kafa kejin kaji a bayan gida, gwamnatin Shehu Shagari kuma ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. Kazar da aka kawo wata halitta ce dabam. Tana fara saka tana da wata biyar, ta yi wajen 280 zuwa 300 a shekara, ba ta bukatar zakara, ba ta kwanci, domin an zaɓe wannan ɗabi'a an fitar daga jininta. In ta yi shekara ɗaya da rabi ƙwan ya ja baya, sai a sayar da ita ga masu miya a sayo sababbi. A nan ne gizo ke saƙar. Kazar Hausa ita ke haifar magajiyarta, ta ci abin da aka zubar. Ta gidan gona kuwa sai an sayo ta tana 'yar kwana ɗaya, galibi daga kamfanonin ƙyanƙyasa na wajen Ibadan, waɗanda su ma iyayen kajin daga Turai suke samo su, sa'an nan a ciyar da ita masara da waken soya na saye wata biyar kafin ta ba da ko sisi. Wannan ba sana'ar mai dusa a ƙwarya ba ce, ta mai jari ce, masu jari kuwa manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da tsofaffin hafsoshi. Da aka karya darajar naira a 1986 abincin kaji ya yi tsada, ƙananan masu keji da yawa suka rufe, manya suka rage.

Masu bincike na Shika, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, sun yi shekaru suna aikin samar da kazar ƙwai da ta dace da yanayinmu, aka fitar da ita da sunan ShikaBrown a 2000. A ɓangaren masu ci kuma, teburin mai shayi ne ya yi abin da malaman asibiti suka daɗe suna wa'azi a kai. Burodi da wainar ƙwai, daga baya kuma Indomie da ƙwai tun daga shekarun 1990, su suka saba wa leburori da 'yan makaranta da mu ɗaliban jami'a da cin ƙwai kullum, aka koma lissafi da kiret mai 30. Camfin sata bai mutu da hujja ba, yawa ne ya kashe shi a birni.

Shekarar 2006 ta nuna wa kowa inda kowane irin kiwo yake da rauni. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata babbar gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare ta bayyana a Kano da Filato da wasu jihohi, aka kuma same ta a jikin agwagi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. An yi ta gardama ko tsuntsaye masu ƙaura da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru ne suka kawo ta, ko kuwa cinikin kaji ne, binciken ƙwayar cutar kuma ya nuna ta shigo ƙasar fiye da sau ɗaya. Gwamnati ta sa a kashe kajin wuraren da cutar ta ɓulla, ta yanka diyyar naira 250 a kan kowace kaza da naira 1,000 a kan agwagwa a farkon lamarin. Mai gona yana da rajista da lissafi da bakin zuwa ofis. Mai kaji bakwai a bayan ɗaki kuwa, da ta ji ana kashewa, sai ta ɓoye su a ƙarƙashin gado ko ta karyar da su a kasuwa. Cutar ta sake dawowa a 2015, ta Kano da Legas.

A 'yan shekarun nan an sami wani abu tsaka-tsaki, wato kajin da ake kira noila da ire-irensu, masu girma da yawan ƙwai fiye da na Hausa, masu kuma iya yawo su yi tono. Sun mai da mata da yawa cikin sana'ar, musamman a birni, inda za ka tarar da keji mai kaji 20 ko 50 a lungun gida, uwargida na sayar wa maƙwabta da mai shayin bakin layi. Amma su ma ba kasafai suke kwanci ba, in sun tsufa sai a koma wurin dillalin 'yan tsaki da kuɗi a hannu.

Da hutun da ya wuce na je gida na tarar kakata ta sayi noila goma, wani jikanta ya ƙera mata keji da waya. Tana yabonsu, ta ce ba ta taɓa ganin kaji masu zuba kamar ruwa haka ba, har ta sa aka dafa mini uku, ita da ta taɓa bi na da muciya a kan guda ɗaya. Amma a bayan rumbu, cikin tsohon akurkin ƙasa, akwai wata durgu baƙa kwance ta baje fukafukai tana harara. Na tambaya ko ita ma za a sayar da ita tunda ga na zamani. Ta ce in rufa mata asiri, ƙwan zabi 14 ne a ƙarƙashinta, saura kwana tara, waɗancan na keji kuwa ko an ɗora su a kai tashi za su yi.